Shekara huɗu a lamba biyar

Ban zaɓi tsaron baya da kaina ba. Kamar kowane yaro da ya tashi yana buga ƙwallo a filayen unguwa a Kano, a shekarun da Kano Pillars ta lashe gasar Firimiya ta Najeriya sau 3 a jere, daga 2012 zuwa 2014, burina shi ne in zama mai zura ƙwallo, domin shi ake ɗagawa sama idan an tashi wasa. Ina da shekara 15 kocin ƙungiyar matasanmu ya kira ni gefe, ya ce tsayina da yadda nake hango inda ƙwallo za ta faɗi sun fi dacewa da lamba biyar, wato ɗan tsakiyar baya. Na ji zafin maganar ƙwarai, har na yi kwana biyu ban je atisaye ba.

A farko na ɗauka aikin ɗan baya ƙarfi ne da zamiya a ƙasa, saboda abin da 'yan kallo suke yi wa tafi ke nan. Wasana na uku a gasar rukuni na biyu, wato NNL, shi ya raba ni da wannan tunani. Muna wasa a waje, babu wanda ya ci, saura kamar minti 20 a tashi, sai aka cillo wa ɗan gabansu ƙwallo yana juya mini baya. Maimakon in tsaya a bayansa in jira abokan wasana su dawo, sai na yi wuf na zame domin in ƙwace. Ya taɓa ta sau ɗaya kawai da gefen ƙafa, ya juya, ya bar ni kwance ina cin ƙura. Na tashi na bi shi, na riƙe masa riga dab da layin yadi sha takwas da ke gaban ragarmu, kuma da yake babu kowa tsakaninsa da gola, alƙalin wasa bai yi wata-wata ba ya ɗaga mini jan kati. Da bugun tazarar da aka ba su suka ci mu.

A motar da muka dawo gida babu wanda ya ce mini uffan, kuma shirun ya fi zagi ciwo. Sai da muka tsaya sallar Isha'i kyaftin ɗinmu, wanda duk muke kira Yaya saboda ya girme mu da kusan shekara 10, ya zauna kusa da ni ya yi mini bayani cikin natsuwa cewa duk ɗan bayan da ya kwanta ƙasa ya cire kansa daga wasa, kuma aikina ba lallai ne in ƙwace ƙwallo ba, aikina in ɓata wa ɗan gaba lokaci, in kora shi zuwa ƙafar da ba ta da ƙarfi. Tun daga ranar na soma lura da abin da a da ba na gani: yadda ake tsayuwa a karkace domin a iya juyawa da gudu, yadda mu huɗu za mu matsa gaba tare a layi ɗaya domin a kama abokin hamayya da satar gida, da yadda mutum ɗaya da ya yi jinkirin taku biyu yake rusa aikin sauran. Na kuma koyi buɗe baki. Ɗan tsakiyar baya yana ganin filin gaba ɗaya a gabansa, saboda haka idan ya yi shiru ya cuci 'yan tsakiyarsa, ni kuwa da kunya na tashi.

Sauyin dokar 2019, wanda ya ba da damar karɓar bugun gola a cikin sha takwas, ya ƙara mana nauyi, domin yanzu daga ƙafarmu ake fara gina hari. Ƙafata ta hagu ba ta da amfani a lokacin, sai na riƙa zuwa fili kafin kowa ina buga ƙwallo a jikin bango da ita har rana ta ɗaga. Filayenmu da yawa ba su da laushi, ƙwallo tana tsalle inda ba ka zata ba, amma a ganina wannan ba uzuri ba ne.

Abin da ya kusa karya ni bai faru a fili ba. Ina da shekara 17 wani ejan ya zo gidanmu da alkawarin gwaji a Turai, da sharaɗin mu biya kuɗin biza da na jirgi. Baba ya ƙi, na kuwa yi fushi da shi matuƙa. Daga baya na san cewa dokar FIFA ta hana sayar da ɗan wasa zuwa wata ƙasa kafin ya cika 18, sai a wasu yanayi ƙalilan da ban shiga cikinsu ba. Haka nan na taɓa sa hannu a kwantiragi ban karɓi kwafina ba, kuma da albashi ya maƙale na watanni ba ni da takardar da zan nuna wa kowa.

Idan gajiya ta zo, nakan tuna ɗan wasan baya Zaidu Sanusi, ɗan Jega a jihar Kebbi, wanda ya yi wasa a ƙaramar ƙungiyar Mirandela a Portugal, ya wuce Santa Clara, kafin Porto ta ɗauke shi a 2020, kuma shi ya ci Benfica ƙwallon da ta ba Porto kofin gasar a 2022. Hanyarsa mataki-mataki ce, ita nake so in bi. Kakar bana na buga kusan dukkan wasanninmu da katin gargaɗi 2 kacal, kuma daren nan ina da bidiyon ɗan gaban da zan tsare ranar Lahadi a wayata, wanda na lura yana son juyawa ta dama.