Abin da Tartsatsi Ɗaya Ya Koya Mini a Aikin Ƙara RAM

A ƙarshen watan nan zan ajiye aiki a shagon gyaran kwamfutar da na shafe shekara huɗu a cikinsa, kuma cikin duk kwamfutocin da suka bi ta hannuna, guda ɗaya ce har yau nake jin ƙaurinta a hancina.

Wani matashi ne ya kawo laftof ɗinsa ta gem, mai sandar RAM (ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita) guda ɗaya ta 8GB nau'in DDR4, yana kukan cewa wasa yana sarƙewa da zarar ya shiga wuri mai cunkoso. Maigida ya daɗe da hana mu zare soket ɗin batir idan RAM kawai za a ƙara, yana cewa ɓata lokaci ne, kuma soket ɗin yana da saurin karyewa. Na bi wannan umarni, sannan na ƙara da nawa sakacin, domin ban tabbatar an kashe kwamfutar gaba ɗaya ba. Ashe yaron murfin kawai ya rufe, tana barci ne, kuma a wannan yanayi wuta ba ta yankewa daga RAM, saboda kada abin da ke cikinta ya goge. Ina cikin ɗaga faifan ƙarfen da ke rufe guraben RAM, sai gefensa ya zame ya taɓa ƙananan kayan da ke kan madabod, wato babban faifan da dukkan kayan kwamfuta ke jone a kansa. Na ga ɗan tartsatsi kamar ƙwayar ashana, ƙauri ya biyo baya, kwamfutar ba ta sake tashi ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai ba asarar ba ce. A gaban mai kayan, Maigida ya dube ni ya ce, "Kai, wa ya koya maka buɗe kwamfuta da batir a jone?" Sauran yaran shagon duk sun san amsar, amma kowa ya sunkuyar da kai, ni ma na haɗiye maganata. An riƙa zaftare mini albashi har wata uku kafin kuɗin sabon madabod ya cika. Ban taɓa musun rabona na laifin ba, amma har yau ina ganin wanda ya kafa doka ya kamata ya amsa sunanta ranar da ta jawo ɓarna. Tun daga ranar nake kashe kwamfuta da hannuna, in zare caja, in zare batir, in danne maɓallin kunnawa na ɗan lokaci domin ragowar wuta ta fita, ko da ana tsaye a kaina ana ƙorafi.

Wajen neman wanke kaina ne na fara karanta abin da nake sakawa, na gane cewa yawan gigabait ba shi kaɗai ne magana ba. Sanda biyu masu 8GB sun fi sanda ɗaya mai 16GB amfani a wasa, domin firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, tana ɗebo bayanai ta hanya biyu a lokaci guda. Bambancin ya fi fitowa a laftof ɗin da ba ta da katin girafik (mai sarrafa hoto) na daban, wadda hoton wasanta daga RAM ɗin yake cin abinci. Wasu firosesocin Intel ma ba sa nuna girafik ɗinsu da sunan Iris Xe sai an cika hanyoyin biyu, in ba haka ba sunan UHD, na ƙasa da shi, za ka gani. Sau da dama na shawo kan mai kaya ya sayi sanda ta biyu daidai da ta farko maimakon babba guda ɗaya, alhali shagon ya fi samun riba a babbar, kuma ban tuna wanda ya dawo yana da-na-sani ba.

Na kuma daina yi wa mutane alkawarin da RAM ba za ta iya cikawa ba. Idan katin girafik mai 4GB ne ya gaza, ko zafi ne yake rage wa firosesa gudu, ko an ninka RAM sau huɗu wasan ba zai miƙe ba, shi ya sa nake buɗe Task Manager, manhajar Windows mai nuna nauyin da ke kan kowane sashe, ana cikin wasan kafin in taɓa sukurudireba.

Wajen zaɓen sanda kuma, a laftof DDR4 mai fil 260 ba ta shiga gurbin DDR5 mai fil 262, kuma tsagar ba wuri ɗaya take ba, don haka ba a tura ta da ƙarfi. Idan aka haɗa mai gudun 3200 da mai 2666, duka biyun a 2666 za su tsaya. Wasu laftof ɗin RAM ɗinsu a manne take da madabod, a bincika kafin a sa mutum sayayya. DDR5 takan bar allo baƙi na ɗan lokaci a kunnawar farko. Ba na miƙa kwamfuta sai MemTest86, manhajar gwajin RAM, ya gama zagaye.

Makon jiya aka kawo sabon yaron da zai gaje teburina. Abu na farko da na nuna masa shi ne yadda ake zare soket ɗin batir da farce ba tare da an ja waya ba, Maigida kuwa yana zaune yana kallonmu, bai ce uffan ba.