Akwati biyu a fom

Ni dai abin da ya fi ɗaukar hankalina a batun haƙƙin mutanen da ba su ɗauki kansu maza ko mata ba shi ne takarda. Fom ɗin neman aiki, na haya, na asibiti, akwati biyu ne kawai: namiji ko mace. To wanda bai ɗauki kansa ko ɗaya ba, in aka kore shi daga aiki saboda haka, wace doka ce za ta tsaya masa?

A 2014 kotun ƙolin Indiya ta amince da jinsi na uku. Jamus ta ƙara zaɓi na uku a rajistar haihuwa a 2018, amma da farko mata-maza kaɗai aka ba, kuma sai da takardar likita. Pakistan ma ta yi doka a 2018 da ta hana nuna wa masu sauya jinsi da mata-maza wariya a makaranta da wurin aiki, sai kotun shari'ar Musulunci ta tarayya ta soke wasu sassanta a 2023.

Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce ta Ingila. A 2020 kotun ma'aikata ta ce dokar daidaito ta 2010 tana kare wata injiniya a kamfanin Jaguar Land Rover da abokan aiki suka daɗe suna yi wa ba'a saboda ba ta ɗauki kanta namiji ko mace kaɗai ba. Sai dai hukuncin ƙaramar kotu ne, ba dole sauran kotuna su bi shi ba.