Juma'a a Jidda: na samo hannun Sega

Ƙarfe ɗaya da rabi na dare ne yanzu, babban yatsana na hagu yana ta zogi, amma sai na rubuta wannan kafin in kwanta.

Bayan la'asar na ɗauki ɗan yayata muka nufi Haraj Sawarikh, kasuwar gwanjon nan ta kudancin gari. Fanka muka je nema wa ɗakinsa. A layin tsofaffin kayan lantarki, cikin wani kwali da aka cunkusa rimot da caja da wayoyin da suka sarƙe, na hango baƙin abu mai siffar ƙoda. Tun ban ciro shi ba gabana ya faɗi. Hannun na'urar gem ta Sega Mega Drive ne, mai madannai uku, A da B da C, sai Start a sama. Na juya bayansa, na bi wayar da yatsa har ƙarshe don in ji ko ta karye a ciki. Lafiyarta lau. Dattijon mai kayan ya ce riyal 20, na ce 15, ya ɗaga hannu ya ce in ɗauka. Yaron ya dube ni ya ce, "Kawu, wannan na wace na'ura ce? Ko sandar juyawa babu." Na ce masa ya bari mu je gida.

Shekara ta kusa uku ina buga wasannin Sega a kwamfuta da manhajar kwaikwayo, wato RetroArch, da injinta Genesis Plus GX. Hoton daidai, sautin daidai, amma da kibod nake bugawa, kullum kuma sai in ji kamar tuwo nake ci da cokali. Wanda ya taso a gidan gem a Fagge, ana jiran NEPA ta kawo wuta, ana layi a kan benci, ya san rabin wasan a tafin hannu yake.

Kan wayar rami tara ne, irin wanda Atari ta fara amfani da shi, shi ne kuma Sega ta sa wa Mega Drive da ta fito da ita a Japan a 1988. Tsohuwar kwamfutar tebur da ke kusurwar ɗakina tana da mazugi mai haƙora tara a baya, yaron har ya kai hannu zai soka. Na riƙe shi. Kama ce kawai, aikinsu ba ɗaya ba ne. Wancan na siriyal ne, tsohuwar hanyar jona kaya da kwamfuta, wutar da yake bayarwa daban, kuma zai iya ƙona ɗan guntun da ke cikin hannun. Shi hannun Sega bolt 5 yake sha ta haƙori na 5, na 8 ne ƙasa, na 7 kuma shi na'urar ke ɗagawa tana saukewa don ta karanta madannan kashi biyu, tunda wayoyin ba su isa kowane madanni ya samu tasa ba. Dabara ce mai arha, kuma har gobe tana burge ni. Adafta ake bukata mai mayar da wannan zance zuwa USB. Ina da guda a durowa tun bara, na saya da fatan wata rana irin ta yau.

Na jona, na buga joy.cpl a Windows, akwatin gwaji ya buɗe. Sama, ƙasa, hagu, dama duk suka amsa. B kuwa sai na danna da ƙarfi kafin ya haska. Bayan isha'i na kwance kusoshin baya. Ciki akwai ƙura da wani busasshen abu mai danƙo, ina jin lemo wani yaro ya taɓa zubarwa shekaru da dama. A ƙarƙashin kowane madanni akwai roba mai baƙin ɗigo, ita ke taɓa allon ta haɗa wuta. Na jiƙa auduga da sifirit na goge ɗigon da inda yake sauka, audugar ta fito baƙi ƙirin. Da na mayar, B ya dawo kamar jiya aka yi shi.

Wurin saita madannai na ɗan ɓata lokaci. Na ɗora A a kan A, na buɗe Streets of Rage 2, na danna C don tsalle, sai mutumina ya saki bugun musamman mai cin jini. Ashe RetroArch da nata tsarin take lissafi: Y ɗinta shi ne A na Sega, B shi ne B, A ɗinta kuma C. Na gyara. Tunda hannun ba shi da madannin da ya rage, F1 na kibod na bar wa menu.

Sai na sa Sonic na farko, na 1991. Nan ne abin ya taɓa ni. Da kibod ban taɓa lura ba, amma da hannun a tafina sai na ji yatsana yana makara, ina faɗawa kan ƙayoyin da na san inda suke tun ina ɗan firamare. Kiɗan ma kamar ana korarsa. Na yi shiru ina tunani, sai na tuna talabijin ɗinmu na gida tsarin PAL ne irin na Turai, hoto 50 a daƙiƙa, na Amurka da Japan kuwa 60. Wannan wasan ba a daidaita shi ba, don haka wanda muka sani ya fi wannan jinkiri da kusan kashi ɗaya cikin shida. Na shiga saitin injin na mayar da yankin PAL. Kiɗan Green Hill ya sauko, ya zauna daidai inda kunnena ya ajiye shi. Na wuce matakin farko ba a taɓa ni ba, idona ya ciko.

Na kira Yaya a Kano, su lokacin tara da 'yan mintuna. Ban ce komai ba, na kara wayar a jikin lasifika. Ya yi jim, sannan ya ce, "Kai, ina ka samo wannan?" Shi ne yake biya mini kuɗin gem daga abin da yake samu a wurin koyon ɗinki, ya tsaya a bayana yana cewa in tara zobba kafin in yi gudu. Mun fi minti ashirin muna lissafa waɗanda muka yi layi da su, wasu suna nan, wasu sai addu'a. Allah Ya jiƙansu.

Ɗan yayata, wanda bai san komai ba sai FIFA, ya karɓi hannun ya ƙi saki. Muka koma Streets of Rage 2 mu biyu, shi da hannun, ni da kibod, har mahaifiyarsa ta kira sau biyu. Da zai tafi ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Kawu, adaftar rami biyu gare ta fa." Na ce na gani. Juma'a mai zuwa in Allah Ya kai mu za mu koma wurin dattijon nan mu zazzage kwalin har ƙasa, ko a dace da mai madannai shida da aka fitar a 1993. Fankar ma mu sayo, don yau mantawa muka yi da ita.