Kumburin ƙafa ne ya kai ni kemis a Granada

Motarmu ta tashi daga tashar Méndez Álvaro a Madrid, babban birnin Sifaniya, da sassafe, kusan awa biyar muna zaune kafin mu shiga Granada, tun daga wajen Jaén ba abin da kake gani sai itatuwan zaitun layi-layi har iya ganinka. Zaman nan shi ya fara ja min. Washegari kuma na hau Alhambra, tsohuwar fadar da ke kan tudu, a ƙasa ta hanyar da ake kira Cuesta de Gomérez, na sha yawo a fadar sarakunan Banu Nasr da suka miƙa garin a 1492, duk bangon da ka kalla an sassaƙa "wa la galiba illallah", na sauko na sake hawa unguwar Albaicín don in yi la'asar a masallacin da aka buɗe a 2003 kusa da cocin San Nicolás, hanyar kuwa duk tsakuwa ce aka jera, wallahi kafin magariba takalmi ya ƙi shiga.

Da ɗingishi na isa wani kemis, a can alamarsa koren kuros ne mai walƙiya. Wata dattijuwa na tarar, Sifaniyancina na wata uku ne a waya, sai kawai na nuna mata idon sawuna. Ta duba ta ce "hijo, lo tienes hinchao", wato ɗana ya kumbura. Asalin kalmar hinchado ce amma ba sa furta h ɗin, mutanen Andalus kuma har d ɗin suke haɗiyewa, sai ka ji inchawo. Da ta ga na zaro ɗan littafina ina rubutawa sai ta gyara tsayuwa ta shiga koya min: kumburin kansa hinchazón, in ya yi ja yana zafi inflamado, bororon da takalmi ya yi min a diddige ampolla, ƙululun da ke fitowa a goshi in yaro ya faɗi chichón. Ta ba ni man shafawa ta ce in ɗora ƙafar kan filo in sa ƙanƙara.

Kashegari na koma don safa mai matsewa, a nan na ba ta labarin mutumin da ke karɓar baƙi a masaukinmu, wanda ya turo min fasfo ɗina da ɗan yatsa ko kallona bai yi ba, abin ya tsaya min a rai sosai. Ta girgiza kai ta ce "es un creído". Kalmar daga creer take, wato yarda, mutum ne da ya yarda shi wani ne, mai ji da kansa kenan sak. Akwai engreído ƴar uwarta, akwai soberbio wadda ta fi nauyi, irin girman kan da addini ke tsawatarwa a kai. Orgulloso kuwa ta ce in yi hankali da ita, don uwa ma tana faɗinta in ɗanta ya ci jarrabawa, alfahari ce, ba kullum take zagi ba. Wadda ta fi burge ni ita ce "tiene muchos humos", hayaƙi ya yi masa yawa, na ce mata Mama ai mu ma cewa muke kansa na hayaƙi, ta yi ta mamaki. In za a sauke wa mutum girman kai sai su ce bajarle los humos, a rage masa hayaƙin. Suna kuma cewa hinchado de orgullo, daidai da kansa ya kumbura.

A hanci ne muka rabu. Na ɗauka hinchar las narices shi ne hura hanci namu, ashe a wurinsu in wani ya kumbura maka hanci to ya ƙular da kai ne, fushi ne, kamar yadda muke cewa wane ya cika ya yi fam. Na soke abin da na rubuta na gyara a gabanta.

Kwana uku na yi a garin. Ranar tafiya na biya in yi mata sallama, tun daga ƙofa ta kalli ƙafar ta ce "ya ha bajado", ya saɓe, na sa takalmina har igiya na ɗaure na wuce tasha.