Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Sunana a Ƙasan Shafi

Makon jiya na tsaya a inda na kammala digiri na biyu. Wasunku sun matsa sai na ba da labarin aurena da Abban yara, to ku yi haƙuri, akwai maganar da ta tokare min maƙoshi, sai na fitar da ita tukuna.

Shekarun da suka biyo bayan digirin babu abin faɗi, daga koyarwa sai goyo. Abin da ya dawo da ni bincike wata 'yar takardar tambayoyi ce ta auna ciwon damuwa, PHQ-9, wadda Kroenke da Spitzer da Williams suka wallafa gwajin ingancinta a Amurka a 2001. Tambayoyi tara ne kan makonni biyun da suka wuce: barci, cin abinci, gajiya, rashin jin daɗin komai, har zuwa ta ƙarshe mai tambayar ko mutum ya ji gara ya mutu ya huta. Kowace amsa daga 0 zuwa 3, jimla 27, wanda ya kai 10 sai likita ya duba shi da kyau. Kafin ita akwai ta Aaron Beck ta 1961 mai tambaya 21, amma waccan sai da kuɗi, kuma a asibitin da layi ya kai bakin ƙofa wa ke da lokacin tambaya 21?

Ranar da na yi wa Baba bayanin aikin, Allah ya jiƙansa, ya daɗe yana juya takardar a hannunsa. Sai ya ce, “Wato mara lafiyan kuke tambaya? To kun yi hankali. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.” Har ya bar duniya da wannan karin maganar yake tarbata.

Ba a ɗauko ma'auni daga wata ƙasa a hau aiki da shi haka kawai, sai an gwada shi a kan mutanen da za a auna. Mutum zai amsa tambayoyin a gabana, sannan ya shiga wajen likitan ƙwaƙwalwa wanda bai ga makin ba, ya yi masa doguwar hira, daga baya mu haɗa biyun mu ga inda suka dace. In ka sa iyakar makin ƙasa da yawa, ka ɗora wa masu lafiya ciwon da ba su da shi. In ka ɗaga ta, masu ciwon su sulale ka ce musu su tafi gida. Ni na zauna da mutanen nan ɗaya bayan ɗaya. Ni na shigar da amsoshin a kwamfuta cikin dare, Auta na bayana. Ni na yi lissafin alfa na Cronbach, wanda tun 1951 ake duba daidaiton tambayoyi da shi, na ga ya haura 0.7 na yi hamdala ni kaɗai.

Akwai wata baiwar Allah da makinta bai kai 10 ba. Na zo tambaya ta tara, sai ta kama bakin mayafinta tana murzawa, ta ce, “Wani lokacin, 'yata.” A lissafi lafiyarta lau. Na ajiye fensir na kama hannunta har ofishin likita.

Shi kuwa Farfesan da muka yi aikin da shi, ba zan kama sunansa ba, ko mara lafiya ɗaya bai zauna da shi ba. Da maƙalar ta fito, sunansa ne a gaba, sai na abokansa biyu. Nawa yana can ƙasan shafi na ƙarshe, wajen godiya, kusa da na mai buga takardu. Da na yi magana sai ya ce, “Haba Malama, ai ke yarinya ce, lokacinki na zuwa.” Yarinya mai 'ya'ya huɗu!

Ga shi a jami'a ƙidaya ake ci. Tun da Jorge Hirsch ya kawo ma'auninsa na h, mai auna malami da yawan maƙalunsa da yawan ambatonsu, a 2005, kowa Google Scholar yake buɗewa ya ga sau nawa aka ambaci aikin wane, da shi ake ƙarin girma, da shi ake samun kuɗin bincike. Duk wanda ya ambaci maƙalar, ƙidayarsa ce ke hawa. Bara ma wata ɗalibata ta kawo min ita da murnarta, wai Malama ko kin taɓa karanta aikin Farfesa? Na ce na taɓa. Na buɗe mata teburi na biyu na nuna mata lambar da aka juya wajen bugu, abin da ban jin shi kansa ya taɓa lura da shi. Mai ɗaki, in ji Baba.

Yaya Babba ta ce in bar wa Allah, kuma na bar masa, amma ban ce zan yi shiru ba. Kwafin amsoshin da rubutun hannuna yana nan a ajiye, na goge sunayen mutane kamar yadda ƙa'ida ta ce. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za ku ji yadda muka kwashe da shi a gaban kwamitin ƙarin girma.