Ashe ana rayuwa ba matsarmama

Hajiyarmu ta dawo gida Aboabo daga asibitin Komfo Anokye da ke nan Kumasi, an cire mata matsarmama. Alhamdu lillahi, jiki da sauƙi. Masu zuwa dubiya tambayarsu ɗaya: "To Hajiya, da me za ki narkar da abinci?"

Ga abin da likita ya fahimtar da mu. Ruwan nan mai ɗaci na cikin matsarmama hanta ce ke yin sa, sama da rabin lita a yini. Matsarmama 'yar jaka ce a ƙarƙashin hanta, tana ajiye shi tana kaurara shi. Da abu mai maiƙo ya isa ƙaramin hanji, sai ta matse ta feso shi, ya farfasa kitsen kamar yadda sabulu ke yi wa man ja a kwano.

Ita Hajiya duwatsu ne suka taru a ciki. Duk ranar da ta ci wake da shinkafa da shito (yajin nan da ake soyawa da mai) mai yawa, ciwo ya soke ta ƙarƙashin haƙarƙarin dama har kafaɗa, mu kuwa muna ta cewa olsa ce.

Yanzu ruwan yana ɗiga kai tsaye cikin hanji. An ce ta rage soye-soye tukuna, ta riƙa ci kaɗan-kaɗan. Ganda ce kawai har yanzu muke rigima a kanta.