Rawar da Corolla ta yi mini a hanyar Ejisu

Motar tawa Corolla ce ta 2006, irin waɗanda ake saukewa a tashar Tema bayan sun gama ƙuruciyarsu a Amurka. A unguwar Aboabo ta Kumasi nake zaune, harkata kuma tana yawan kai ni Konongo da Nkawkaw. A hanyar Ejisu na fara jin abin: da gudu ya haura kilomita 60 a awa, sai kujera da ƙasan mota su kama kaɗawa gefe da gefe. Sitiyari kuwa bai cika motsi ba.

Balansin taya aka fara yi, kuma ban ga laifin wannan ba, shi ne mafi araha, rashinsa ne kuma ya fi yawan jawo rawa. Bai canza komai ba. Daga nan na je wurin fitan unguwarmu, wato makaniki. Ya danna gaban motar da hannu biyu, ya sake, ya ce shokazoba sun mutu. Ko kunna ta bai yi ba. Na sayi guda biyu sababbi, aka ɗaura, na hau titi, rawa na nan yadda na bar ta. Na koma, ya ce to tayarod ne, aka canza, aka yi alaimen. Da ya fara maganar filogi sai na karɓi makullina.

Shokazoban nan su ne har yau suke ci mini rai. Shokazoban da ya mutu yakan zubar da mai, mota ta riƙa lilo bayan ta faɗa rami, taya ya cinye tsalle-tsalle. Nawa a bushe suke ƙayau. Tsofaffin ma ban sake ganinsu ba, na tabbata suna ƙarƙashin motar wani yanzu suna aiki lafiya lau.

Wani direban torotoro (ƙaramar bas ta haya) da muke sallah a masallaci ɗaya ya tura ni wurin wani dattijo a Suame Magazin, unguwar makanikai ta Kumasi. Na isa ina shirin jero masa abin da aka canza, ya katse ni.

"Malam, yaushe take yi?"

"In ina gudu, Baba."

"Ƙafarka na kan totur, ko ka ɗaga?"

Babu wanda ya taɓa yi mini wannan tambayar. Bai buɗe bonet ba, ya shiga gaba ya zauna, ya ce mu kama hanyar Offinso. Da muka fita daga cunkoso muka sami ɗan hawa, ya ce, "Taka." Na taka, mota ta kama rawa. "Saki." Na ɗaga ƙafa, gudun bai ragu ba tukuna, amma rawar ta ɗauke ɗif. Ya sa na maimaita. Sannan ya sa na taka birki a hankali daga gudu, babu komai. Muka tsaya a gefe, mota a giya, ƙafa a birki, inji na aiki sumul.

A hanyar dawowa ya warware mini. Rawar taya gudu take bi, galibi tsakanin 80 da 110, kuma ba ruwanta da ko ka taka ko ka saki. Wadda ke zuwa sai an taka birki, har feda na bugun ƙafa, ta faifan birki ce. Wadda ake ji mota na tsaye, a duba robobin da inji ke zaune a kai, ko filogi da kwil. Amma wadda ke tashi in inji na ja, ta kwanta in an saki, a motar da tayoyin gaba ke ja, shaf ake fara dubawa, wato sandar ƙarfen da ke juya taya daga giyabos. Kai biyu gare shi: na waje a wajen taya, na ciki kuma shi ke shiga giyabos, shi ake dubawa. Ya ce, "Na waje shi ke ƙas-ƙas in ka karya kwana, kowane yaro ya san shi. Na ciki ba ya kuka, shi ya sa ake wuce shi."

Aka hau da ita kan rami, ya haska mini da fitilar waya. Robar da ke rufe kan shaf na dama ta tsage a cikin lanƙwasa, inda ba ka gani sai ka buɗa da yatsa. Baƙin gires ya fantsama ya yi layi a jikin ƙarfen da ke kewaye, jar ƙasa ta manne a kai ta bushe. Wannan layin yana nan lokacin da ake kwance shokazoba, tazararsa da hannun mai kwancewa ba ta kai kamu biyu ba.

Da yaransa suka zare shaf ɗin, ya buɗe kan. Kamar kofi yake, da hanyoyi uku a ciki, ƙananan ƙafafu uku na gudu a cikinsu, su ne ke ba shaf damar shiga da fita in taya ta hau ta sauka. Abin da ya rage na gires ya koma taɓo mai yashi. Ya kama yatsana ya bi da shi cikin hanya ɗaya, na ji wani ɗan kwari da ƙarfe ya ci. In inji na ja, ƙafafun sukan matse a jikin bangon, su riƙa faɗawa wannan kwarin a kowane juyi. In ka saki totur matsin ya tafi, rawa ta tafi.

Wajen saye ma ya hana ni gaggawa. Ya ce in ɗauki tsohon in tafi da shi, a jera shi da wanda zan saya a ƙasa: na dama ya fi na hagu tsawo, kuma a ƙirga haƙoran bakinsa, a duba zoben ABS, na na'urar hana taya cijewa in an taka birki, in akwai. Shi ya fi yarda da na asali da aka ciro daga wata motar a kan sabo mai arha, muddin robarsa lafiya take kuma ba ya sako-sako in ka murɗa. Haka na yi. Man giya ya ɗan zuba wajen cirewa, aka cika, aka sa sabon sil. Duka da kuɗin aiki bai kai abin da shokazoba suka ci ba, kuma wannan lissafin ne ke hana ni mantawa.

Yanzu duk wanda ya ce mini motarsa na rawa, nakan ce kafin ya je gareji ya gwada da kansa: a wane gudu, da totur ko babu, da birki ko babu, a sitiyari yake ji ko a kujera. Kuma kada ya biya kuɗin ƙarfe ko ɗaya sai wanda ya ambaci ƙarfen ya shiga motar ya ji rawar da jikinsa. Fitan da ya ce ba shi da lokacin zagaye, ni dai na daina ba shi makulli.

Da aka zo juyen mai na gaba na sa aka leƙa robar hagu. Ta fara tsattsagewa amma ba ta huje ba. Aka canza ta, aka cusa sabon gires, shaf ɗin nan na hagu har yanzu shi ne a jiki.